Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙera Ƙaramin Jirgin Ceto na Katako Mai Tafiya da Rimot

Wasiƙun wannan wata sun karkata ga jirgin ceto, wato jirgin nan da ke fita teku daidai lokacin da kowa ke neman tudu. Yawancin masu tambayar suna kwaikwayon jiragen ƙungiyar RNLI ne, wadda Sir William Hillary ya assasa a 1824, kuma har yau ita ke aikin ceto a gaɓar tekun Birtaniya da Ailan da jiragenta masu shuɗiyar ganga, wato jikin jirgin, da ɗakin matuƙi ruwan lemo. Mun zaɓi tambayoyin da amsarsu za ta amfani kowa, mun kuma taƙaita wasu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, na saba da aikin katako amma ban taɓa ƙera jirgi ba. Na samu zanen jirgin ceto samfurin Trent. Wane girma ya kamata in yi shi, kuma ta yaya zan san nauyin da zai iya ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka fara da batun nauyi, domin a nan ne yawancin jirage ke lalacewa tun ba a yanki katako ko guda ba.

Trent na gaske, wanda ya fara aiki a 1994, tsawonsa mita 14.3 ne, faɗinsa mita 4.9, nauyinsa kusan tan 28. In ka rage shi kashi ɗaya cikin 16, tsawon zai zama milimita 894, faɗin kuma 306. Nauyi kuwa ba da 16 ake raba shi ba. Tsawo ya ragu, faɗi ya ragu, zurfi ya ragu, saboda haka sau uku za ka raba: 16 sau 16 sau 16, wato 4,096. Kilo 28,000 a raba da 4,096 ya ba da kilo 6.8. Wannan shi ne duk abin da aka ba ka: katako, fenti, injuna, batir, dalma, har ɗan mutum-mutumin da za ka tsayar a kan daɓe, wato shimfiɗar saman jirgin. In ka wuce shi, jirgin zai nutse ƙasa da layin ruwansa.

Duba kuma abin da ke faruwa in ka ce bari ka ɗan rage zuwa ɗaya cikin 20. Tsawo zai koma milimita 715, ragin da bai taka kara ya karya ba a ido, amma nauyin da aka yarje maka ya faɗo zuwa kilo 3.5, kusan rabi. Batir da sarbo (ɗan injin da ke juya akalar jirgi bisa umarnin rimot) da injin ba su san ka rage ba, nauyinsu na nan yadda yake. Wannan ya sa ƙaramin jirgi ya fi babba wuyar ƙerawa, duk da mutane sukan zaci akasin haka. Ga mai farawa, mu dai ɗaya cikin 16 muke gani ya dace da Trent. Akwai wurin zura hannu ciki, kuma har yanzu mutum ɗaya zai iya ɗaukarsa.

Gudu shi ma yana da nasa lissafi. Trent yakan yi kimanin kilomita 46 a awa. Ana raba wannan ne da lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 16, wato 4, sai a samu kilomita 11 da rabi a awa. A wannan gudu ne igiyar da ƙaramin ke tayarwa za ta yi kama da ta babban. Fiye da haka ya zama jirgin tsere.

In kuwa kana son jirgin da asalinsa ma katako ne, dubi samfurin Oakley na 1958 mai tsawon mita 11.3. A ɗaya cikin 12 zai kai milimita 940, kuma gudunsa bai wuce tafiyar mutum a ƙafa ba, don haka ƙananan injuna sun ishe shi. Samfurin Shannon na 2013 kam ka bar shi tukuna. Ba farfela gare shi ba, ruwa yake zuƙa yana fesarwa ta baya, kuma wannan na'ura ba ta yafe kuskuren milimita ɗaya.

Tambaya: Na yanka haƙarƙarin jirgin daidai da zane, na fara lulluɓe shi da siraran katako. Da na kai rabi sai na ga gaban ya murɗe zuwa hagu, katakan kuma ba sa kwanciya a kan wasu haƙarƙarin. Ina na kuskure?

Amsa: Da alama kurakurai biyu ne suka haɗu maka, kuma dukansu sanannu ne.

Murɗewar daga lulluɓe gefe ɗaya ta fito. Kowane siririn katako da ka lanƙwasa yana son komawa miƙe, yana jan ƙashin bayan jirgin zuwa wajensa. In goma suka taru a gefe guda babu mai ja da su a ɗayan, dole gaba ya bi su. Ƙa'idar ita ce ɗaya a dama, ɗaya a hagu, har a gama. Sannan ba a gina ganga a hannu. Ana kifa ta ne a kan allo mai kauri, aƙalla milimita 18, wanda aka tabbatar bai lanƙwashe ba, a ja layin tsakiya, a ja layin kowane haƙarƙari a gicciye da sikwaya, a kafa kowanne da ƙananan guntaye da sukuru. Ba za a cire ta daga allon ba sai lulluɓi ya cika.

Rashin kwanciyar kuwa, bakin haƙarƙari ne ba ka fiƙe ba. Zarto yana yanka a tsaye, amma jikin jirgi a karkace yake ratsa haƙarƙarin, musamman wajen gaba da baya inda ganga ke tsukewa. In ba a fiƙe bakin ba, katakon zai taɓa kaifi ɗaya kawai, gam ba zai kama ba, kuma za a ga ƙusumbi a kowane haƙarƙari. Ka manna samfefa mai lamba 80 a kan sanda mai tsawon santimita 30, yadda za ta hau haƙarƙari uku ko huɗu a lokaci guda, ka riƙa gogawa ta tsawon jirgin. Bayan kowane ɗan lokaci ka ɗora siririn katako ka leƙa ta ƙarƙashinsa. Inda haske ya ratsa, wannan haƙarƙarin ya yi ƙasa, sai a manna masa ɓallen katako a sake gogewa. Aiki ne mai gundura, yakan ci yamma guda cur, amma shi ke raba gangar da ta yi sumul da wadda za a cika da foti.

Game da kayan aiki: ƙashin baya filawud na milimita 6, haƙarƙari na 4 zuwa 6, tazara tsakaninsu milimita 60 zuwa 80. Ka nemi filawud mai falle da yawa wanda aka haɗa da gam marar jin ruwa. Na kayan ɗaki falle-fallensa sukan rabu da zarar danshi ya shiga. Ka huda tsakiyar kowane haƙarƙari tun kafin kafawa, ka bar baki mai faɗin milimita 12 zuwa 15, domin daga baya zarto ba zai shiga ba. Kada kuma ka manta zanen yakan nuna wajen ganga ne, don haka sai ka rage kaurin lulluɓi daga kewayen kowane haƙarƙari. Wanda ya manta, jirginsa zai yi ƙiba da milimita 4, daɓen da ya yanka kuma ba zai hau ba. Haka nan in hoton zanen aka ɗauka aka faɗaɗa, a auna shi da rula ta tsawo da ta faɗi, don injin ɗaukar hoto yakan ja takarda ta fuska ɗaya.

Lulluɓin kansa, siraran katako masu kaurin milimita 2 da faɗin 6 zuwa 8 sun isa. Obeche yana da kyau, ba nauyi, ba ya tsagewa da sauƙi, yana karɓar gam. Balsa ya fi shi rashin nauyi amma farce ma yana lotsa shi, sai an yi masa rigar faiba. Inda lanƙwasa ta yi tsanani, jiƙa katakon cikin ruwan zafi na minti 20 zuwa 30, ka kafa shi a wurinsa da fil ba tare da gam ba, ka bar shi ya bushe ya ɗauki siffa, sannan ka manna. Wanda ya manna shi a jiƙe zai tarar da tsaga a tsakani bayan ya bushe ya tsuke. Kuma tunda kewayen ganga a tsakiya ya fi na gaba, dole kowane katako a fiƙe faɗinsa yayin da yake dosar gaba. Ƙarshen gaba kam, daga haƙarƙarin farko zuwa hanci, kada ka wahalar da kanka: cika shi da dunƙulen balsa ka sassaƙa.

Tsofaffin jiragen ceto na katako lulluɓi biyu ake yi musu a gicciye da juna, da ƙyalle a tsakani. Ana iya kwaikwayon hakan da falle biyu na milimita 1, na farko a karkace zuwa gaba, na biyu zuwa baya. Ganga mai ƙarfi ƙwarai take fitowa, kuma gajerun katako sun fi dogaye biyayya.

Naka da ya riga ya murɗe, in gam ɗin fari ne na itace, tururi zai sassauta shi. Cire katakan, kafa ƙashin bayan a allo, ka sake. Murɗaɗɗen jirgi ba ya tafiya miƙe, ko me ka yi masa da rimot.

Tambaya: Na yi wa jirgina fenti shafi huɗu a waje, ya yi ƙyalli. Bayan fita biyu sai layukan katakon suka bayyana, fentin ya tsattsage a kansu. Fentin ne ba shi da kyau?

Amsa: Fentin ba shi da laifi, cikin jirgin ne ka bari tsirara. Kowane jirgi yana shan ɗan ruwa, ko cokali biyu ne. Ɗanyen katakon ciki ya sha, ya kumbura ta faɗi, ya bushe ya koma, fentin waje kuma ba ya iya bin wannan numfashi.

Maganin shi ne a rufe katakon ciki da waje da rezin ɗin ifoksi, irin mai ruwa-ruwa da ake jiƙa faiba da shi, ba mai kauri na manne-manne ba. Ciki shafi biyu, a tabbatar ya shiga kowane lungu tsakanin haƙarƙari da lulluɓi, kuma a yi shi kafin a ɗora daɓe. Ƙarƙashin daɓen ma a shafe shi kafin a manna. A waje, a shimfiɗa ƙyallen faiba marar nauyi, giram 50 zuwa 100 a kowace murabba'in mita, a zuba rezin a tsakiya a riƙa jan sa zuwa gefe da tsohon kati, har ƙyallen ya ɓace a ga katako ta cikinsa. Inda ya yi fari, bai sha ba. Inda ya yi ƙyalli kamar tafki, ya yi yawa, nauyi ne kawai. Shafi na biyu shi ke cike saƙar ƙyallen.

A auna rezin da mahaɗinsa daidai yadda aka rubuta a jikin kwalba, da sikeli ko sirinji. Ƙara mahaɗi ba ya sa ifoksi saurin bushewa, sai dai ya bar shi da danƙo har abada. Sanyi ma yana hana shi kamawa, don haka kada a yi aikin a wurin da bai kai digiri 15 ba. Wani lokaci in ya bushe za ka ji maiƙo-maiƙo a samansa. Wanke shi da ruwan ɗumi kafin samfefa, in ba haka ba fenti ba zai zauna ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, injuna biyu na saka. Suna ƙara kamar injin niƙa, suna zafi, kuma kullum ina tarar da ruwa a ƙarƙashinsu.

Amsa: Ƙarar da zafin tushensu ɗaya: sandar inji da sandar farfela ba su kan layi guda. Mahaɗin da ke tsakaninsu, ko da mai gwiwa ne, an yi shi ne don ya shanye ɗan kuskuren da ido ba ya gani. In ka dogara da shi ya gyara karkata ta gaske, zai cinye wuta, ya girgiza jirgin, ya faɗaɗa bakin bututu. Yadda ake yi shi ne a cire mahaɗin, a sa guntun bututun tagulla mai tauri wanda ya matse sandunan biyu, ya tilasta musu miƙewa, sannan a manna mazaunin injin da ifoksi yana nan a haka. In ya bushe a cire bututun a mayar da mahaɗi. Mai na'urar auna wuta yana da wata dabara: a kunna injin a hankali, a riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan, inda wutar da yake ja ta fi ƙanƙanta, nan ne daidai.

Ruwan kuwa ta bututun sandar yake hawowa. A jirgi mai wannan girma sandar milimita 4 ce cikin bututu na 8, kuma bakinsa na ciki yawanci ƙasa yake da layin ruwa. Zare sandar, ka cika bututun da giris marar jin ruwa ta sirinji, ka toshe ɗaya bakin da yatsa yayin da kake mayar da sandar don kada ta turo shi waje. Kada ka danƙara shi ya yi tauri, don shi ma yana riƙe inji. A sa washa, wato ɗan zoben ƙarfe, a kowane baki, a bar ɗan wasan gaba da baya da bai wuce kaurin takarda ba. Da haka turin farfela zai sauka a kan bututu, ba a kan boris ɗin inji ba. Ka duba bututun majuyi ma, wato farantin nan da ke bayan farfela: bakinsa na sama dole ya fi layin ruwa tsawo.

In bayan wannan zafin bai ragu ba, farfelar ta yi wa injin girma. Ga inji mai burushi da aka haɗa kai tsaye, kada faɗin farfela ya wuce faɗin gwangwanin injin. Mai lamba 540 faɗinsa kusan milimita 36 ne, don haka farfela ta 35 ce tasa. Ga Trent na ɗaya cikin 16, ko dai masu burushi biyu masu lamba 600, ko marasa burushi biyu masu KV wajen 1,000 da farfela ta milimita 35 zuwa 40. KV ɗin yana nufin juyi nawa a minti ga kowane bolt, wato a batir mai bolt 11.1 zai yi juyi 11,000 da 'yan kai in ba kaya a kansa. Gwajin zafi mai sauƙi: minti uku a ruwa, a fito a ɗora yatsa. In ba ka iya barinsa daƙiƙa biyar, rage farfela da milimita 5 tukuna kafin ka fara tunanin naɗa wa injin bututun ruwan sanyaya.

Farfelun biyu kuma kada su zama iri ɗaya. Ɗaya mai juyin dama, ɗaya mai juyin hagu, in ba haka ba jirgin zai riƙa kwantawa gefe yana jan hanya. Kowace a ɗaure ta da noti na biyu a bayanta. Farfelar da ba a kulle ba takan kwance kanta ranar da aka fara ba da baya, kuma ba a ganin ta kuma.

Tambaya: Da jirgin ya yi nisa kaɗan sai ya daina jin rimot, wani lokaci majuyin ya riƙa rawa shi kaɗai. ESC, wato na'urar da ke sarrafa gudun inji, biyu gare ni, kowanne da injinsa.

Amsa: Fara da jar waya. Yawancin ESC suna ɗauke da wani sashe da ake kira BEC, wanda ke rage wutar batir zuwa bolt 5 ko 6 ya ciyar da risiba, wato na'urar da ke karɓar umarnin rimot. In biyu suka shiga risiba ɗaya, kowanne yana tura tasa wutar, suna karo. Zare jar wayar tsakiya daga fulogin ɗayansu, ka naɗe ta da tef. Guda ya isa.

Na biyu eriya. Rimot na yanzu a gigahaz 2.4 yake aiki, kuma wannan zango ba ya ratsa ruwa. Risibar da aka ajiye a ƙasan ganga kusa da batir, a ƙarƙashin ruwa take ke nan ta fuskar wanda ke tsaye a gaɓa. Ɗaga ta zuwa ƙarƙashin daɓe, ɗan tsiraicin ƙarshen eriyar, mai kusan santimita 3, ya kasance sama da layin ruwa, nesa da ƙarfe da manyan wayoyi. In eriya biyu ne, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Injuna masu burushi kuma suna tartsatsi, sai a lika musu ƙananan kafasita, ɗaya tsakanin ƙafafun injin biyu da ake haɗa wa waya, ɗaya daga kowace ƙafa zuwa gwangwani.

Ka saita risibar yadda in ta rasa rimot za ta tsayar da injuna, ka gwada hakan a kan tebur ta hanyar kashe rimot ɗin. Rimot ake fara kunnawa, shi ake kashewa ƙarshe. Kowane inji da fiyus ɗinsa kusa da batir, ɗan sama da wutar da yake ja a cikakken gudu, domin ciyawa in ta naɗe farfela wutar takan yi tsalle nan take, kuma jirgin katako mai rezin ba ya jimre gobara. ESC ɗin ma ya kasance na jirgin ruwa mai ba da baya. Na jirgin sama gaba kawai ya sani.

Tambaya: An ce jirgin ceto na gaske in ya kife yana tashi da kansa. Nawa kuwa ko kwana na sha da gudu sai ya kwanta kamar zai kife. Ana iya sa ƙarami ya tashi da kansa?

Amsa: Ana iyawa, amma sai an yanke shawarar tun ran gini, ba bayan an gama fenti ba.

Jiragen zamani irin su Trent da Severn ba wata na'ura ke tayar da su ba. Manyan injunansu suna can ƙasa, ɗakin matuƙi kuma dogo ne, marar nauyi, a rufe ruf. In jirgi ya kife, ɗakin ya zama kamar gora cike da iska da aka danna cikin ruwa, nauyi kuma ya koma sama. Ba zai iya zama a haka ba, sai ya mirgina. Oakley dabararsa daban ce: in ya kife, ruwan da ke tankin ƙasa yakan gangara zuwa wani tanki a gefe guda, nauyin ya juyo da shi. Wannan kam kada ka ce za ka kwaikwaya a ƙarami.

Matsalar ƙaramin jirgi ita ce ɗakinsa kullum ya fi ƙima nauyi. Filawud na milimita 3 a ɗaya cikin 16 daidai yake da bango mai kaurin kusan santimita 5 a babban jirgi. Ƙara masa dogayen ƙarafan tagulla na shinge, da fitilu, da turken eriya, sai ka ga kilo guda ya hau sama. Shi ya sa naka ke kwanciya. Ɗakin a yi shi da filawud na milimita 1 ko 1.5 a kan siraran sanduna, shingen da bututun tagulla mai rami ko alminiyam maimakon sanda tsintsa, turken da roba. Duk giram ɗin da ka ceto a sama, ka mayar da shi dalma a ƙasa. Ra'ayinmu shi ne duk abin da ke saman daɓe kada ya wuce kashi goma cikin ɗari na nauyin jirgin, wato kusan giram 700 ga mai kilo 6.8, in an samu ƙasa da haka ma ya fi.

Ga yadda za ka san matsayinka. Sa gangar a baho da duk kayanta a ciki, ka riƙa ƙara ƙananan jakunkunan dalma har ta zauna kan layin ruwa gaba da baya. Abin da jakunkunan suka auna shi ne rararka. Danna gefe ɗaya har bakin daɓe ya taɓa ruwa, ka saki. Jirgi mai lafiya zai zabura ya miƙe, ya yi lilo biyu ya tsaya. Wanda ya yi jinkiri kamar yana shawara, nauyinsa ya yi sama. Dalmar a shimfiɗa ta gefe da gefen ƙashin baya, mafi yawa a tsakiya. In ka tara ta a hanci da wutsiya, jirgin zai daidaita a baho amma ya riƙa soka kai cikin igiya. Kada a manna ta sai an yi fita biyu ko uku an gamsu, sannan a kwaɓa ƙwayoyin dalma da ifoksi a zuba, kaɗan-kaɗan, don ifoksi mai yawa a wuri ɗaya yana zafi sosai. A wanke hannu bayan taɓa dalma.

Batir shi ne babban nauyi, a kwantar da shi can ƙasa. Na dalma mai bolt 12 ya haura kilo 2, ya dace da Oakley mai tafiyar ƙasaita, amma ya yi wa Trent yawa. Batirin LiPo marar nauyi ya fi dacewa, da sharaɗin kada kowace ƙwayar batir da ke cikinsa ta sauka ƙasa da bolt 3.3, a ajiye shi a 3.8, kuma kada a yi cajinsa a cikin jirgi.

To, tashi da kai yana buƙatar ƙarin abu uku. Ɗakin ya zama a rufe, tagogi a manne, ko a cika shi da soso mai tauri marar shan ruwa, kowace lita tana ɗaga kilo guda. Ya kasance a ɗaure da gangar da sukuru ko ƙugiya, da zoben roba a mahaɗa, ba ɗora shi kawai aka yi ba. Sannan komai na ciki a ɗaure tamau, domin batirin da ya faɗo kan rufi lokacin da jirgi ya kife ya gama da zancen. Farashin wannan shi ne duk sanda za ka canza batir sai ka kwance sukuru shida ko takwas. Da yawa sukan ga bai cancanta ba, su wadatu da dangarama mai tsawon milimita 20 kewaye da ƙofar daɓe wadda ɗakin zai hau ya rufe, da igiya da ke ɗaure ɗakin da ganga. Ko wanne ka zaɓa, cusa soso a gaba da gefuna: auna duk abin da ke nutsewa, inji da batir da dalma, ka ba kowane kilo lita ɗaya, ka ƙara kwata. Ka lura rezin ɗin foliyesta yana narkar da farin soso, ifoksi ba ya yi.

Kwanciyar da yake yi a kwana, wani ɓangarenta daga majuyi ne. Digiri 30 zuwa 35 kowane gefe ya isa. Fiye da haka birki ne, ba juyi ba.

Tambaya: Na fesa fenti ruwan lemo a kan ɗakin, sai ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Kuma inda bai yamutse ba launin ya yi duhu.

Amsa: Hajiya, fenti iri biyu kika haɗa. Na fesawa mai tina mai ƙarfi yana cin fentin mai da ke ƙarƙashinsa. Kankare shi za ki yi har ƙasa, ki goge da samfefa mai lamba 240 sannan 400, ki yi amfani da firaima da fenti da banish na gida ɗaya. Ruwan lemo ba ya rufe abin da ke ƙasansa, don haka farar firaima yake so. A kan toka-toka zai fito kamar jar ƙasa ko shafi nawa aka yi. Shafi uku marasa kauri, daga nisan santimita 25, a bar kowanne ya sha iska.

Tambaya: Na gama komai. Me zan duba ranar farko a ruwa?

Amsa: Kafin ranar, ka bar shi a baho awa guda da busasshiyar takarda shimfiɗe a ƙasan ciki. Inda ta jiƙe, nan ne ɓarakar. Ka riƙe shi da hannu a bahon ka ba shi cikakkiyar wuta daƙiƙa 20, ka auna abin da yake ja. In injunan biyu suna jan amfiya 15 a haɗe, batir mai amfiya-awa 5 zai ba ka minti 20 a lissafi, ka ɗauka 16 ne, ka dawo da shi tun bai gaji ba.

Ka zaɓi ruwa mai kwanciya, marar ciyawa, ka tsaya a gefen da iska ke kaɗowa gare ka, yadda in ya mutu zai dawo da kansa. Ka zo da sandar kamun kifi da ƙwallo ɗaure a zaren, a jefa ta haye shi a jawo. Ba a shiga ruwa don ceto jirgin wasa. Gwada nisan rimot a ƙasa tukuna, wani ya riƙe jirgin kai kuma ka yi taku 50 kana motsa majuyi.

Fitar farko minti uku ne, a rabin gudu, kusa da gaɓa. Fito da shi, buɗe, taɓa injuna da ESC, duba ruwa. A ta biyu ka ƙara wuta kana kallon hanci. In ya ɗaga sama wutsiya ta nutse, matsar da batir gaba da santimita 2 ka sake gwadawa. In yana tura ruwa kan daɓe, mayar da shi baya. In yana jan gefe ɗaya alhali majuyi a miƙe yake, inji ɗaya ya fi ɗaya juyi, ko majuyan biyu ba su kallon wuri ɗaya. Bayan an tashi, cire batir, tsane cikin da soso, ka bar ɗakin a buɗe har gobe. In ruwan gishiri ne, a ɗauraye sanduna da farfelu da ruwan daɗi a sake musu giris a ranar.